Furen da Aka Raɗa wa Sunan Yayana

Tun da na dawo daga ƙasar Gwaram abokan aikina suka hana ni sakat. Da na zauna a ofis zan duba aikin yara sai wata ta jawo kujera ta ce, "Malama, wai me ya kai ki can a tsakiyar bazara, ke da ko Wurno ba kya zuwa sai an yi rasuwa?" Wasu sun ce biki na je, wasu sun ce magani na je nemo wa yayana. Na gaji da ba da amsa rabi-rabi. Ga labarin nan na rubuta, mai so ya karanta, kuma don Allah kada a sake tare ni a bakin aji.

Ni malamar kimiyyar tsirrai ce a wata sakandare a nan Birnin Kudu, kuma cikin duk abin da nake koyarwa ba abin da nake so kamar sunaye. Nakan gaya wa yara cewa Bahaushe ba ya raɗa wa tsiro suna a banza. Bini-da-zugu gargaɗi ne, domin zugu farin ƙyallen likkafani ne, wato wanda ya ci 'ya'yanta a biyo shi da likkafani. Zaƙami wasu haukata-yaro suke ce masa, wannan ba ya bukatar fassara. Wuta-wuta ga fure mai kyau, amma gonar dawar da ta shiga sai ka ce gobara ce ta bi ta. Turawa ma haka suke. Akwai furen da sunansa ya samo asali daga kalmar rawani, akwai wanda suke kira haƙorin zaki saboda bakin ganyensa. Su kuwa masana kalma biyu suke ba kowane tsiro da Latin, kuma a wurinsu babbar karramawa ce a sa wa tsiro sunan mutum. Suna da doka guda mai tsauri: sunan da aka fara sawa shi ne suna, duk wanda ya biyo baya sai dai ya yi haƙuri. Na sha maimaita wannan doka ina buga allo.

Yayana Tanko malamin gona ne, ya yi aiki a ƙasar Gwaram tun ina 'yar firamare. A lokacin akwai wani ƙauye a yankin Kwandiko da kwazazzabo ke ci, kowace damina sai ya yagi gona, har ya doshi maƙabarta. Yaya ya samo rassan wani tsiro mai kama ƙasa, ya sa aka dasa a bakin kwazazzabon. Karansa rami ne a ciki, furensa kamar mazurari, launinsa tsakanin fari da ja. Masana suna ce masa Ipomoea carnea. Kalmar farko tana nufin mai kama da tsutsa, saboda yadda danginsa ke naɗe abu, irin su dankali da duman kada. Ta biyu tana nufin mai launin nama. Ba a daɗe ba aka yi wa Yaya canjin wurin aiki, bai sake komawa ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance a asibiti sai ga wani ya zo duba marar lafiyan da ke gadon kusa da shi, mutumin wajen Kwandiko. Ana cikin hira baƙon ya ce bana malam-tanko ya gama masa da awaki, Allah ya isa tsakaninsa da malam-tanko. Yaya yana kwance yana ji. Da bakinsa da ya karkace ya tambayi mutumin wane ne wannan, aka ce masa ai ba mutum ba ne, wani mugun fure ne na bakin rafi.

Daga ranar ya rage cin abinci. Da muka dawo gida ya kira ni ya ce, "Auta, ki je ki roƙar min su. Su yafe min, kuma su cire sunana daga jikin abin nan. Ba na so in kwanta a kabari ana tsine min safe da yamma."

Na ce, "Haba Yaya, tsiro suke zagi, ba kai ba."

Ya ce, "Da sunan wa?"

 Na sayi goro da gishiri da sabulu, na nemi izini a makaranta, na kama hanya.

A tasha aka cusa mu cikin mota kamar buhunan gyaɗa, ga zakaran wata mata a kan ƙafata. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, kuma safayar direban ta fi wadda ta fashe zama abin tausayi. Muka zube a gindin wata bishiya yana ta fama. Nan gardama ta tashi tsakanin dattawa biyu, ɗaya ya ce bishiyar dogonyaro ce, ɗayan ya ce a garinsu darbejiya ake cewa, wata tsohuwa ta tsoma baki ta ce duk ƙarya suke, maina ce. Kowa ya yi dariya, ni kuwa sai na ji wani sanyi a raina. Na ce in har bishiya guda za ta ɗauki suna uku ba a yi yaƙi ba, to nawa aikin mai sauƙi ne.

Kafin mu shiga Gwaram muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya leƙo ya ce me ke cikin jakata. Na lissafa masa. Ya ce, "Hajiya, neman aure za ki?" Na ce neman gafara za ni. Ya ɗauka baƙar magana na gaya masa, ya ɗebi goro ya ce mu wuce.

A Gwaram na ci shinkafa da wake a bakin tasha, yajin ya fi waken yawa. Daga nan mota ba ta shiga, sai acaɓa. Na zaɓi wani magidanci mai furfura a gemu, Sale, don na ga kamar ba zai yi gudu ba. Bai yi gudu ba kuwa, amma hakan bai hana mu faɗuwa cikin yashi ba. Zanina ya yage, ƙullin gishirin ya fashe, na durƙusa ina tsintar abin da ya saura, shi kuma yana ta ba ni haƙuri yana rantsuwa cewa bai taɓa kayar da mace ba sai yau. Da muka ci gaba ya nuna min wasu duwatsu ya ce bayansu ƙasar Bauchi ce, amma a nan ba wanda ya san iyaka sai masu karɓar haraji.

Daji ya bushe ƙamas, ko ciyawar da akuya za ta lasa babu. Muna gangarowa rafi sai na ga kore shar, gefe da gefe, iya ganina. Tsiron nan ne, ya fi tsayin mutum, ya cika da fure. A hoto kawai na san shi da yawa haka. Gaskiya yana da kyau, kuma kyawun nan ya ba ni haushi.

Sale ya tofar da yawu ya ce, "Kin ga malam-tanko nan? Mun sare, mun ƙone, ko guntun kara ya faɗi ƙasa sai ya tashi."

Na daure na ce, "Shi Tankon wane ne?"

Ya ce, "Oho. An dai ce wani boka ne da ya yi faɗa da mutanen garin, ya bar musu wannan ya tafi."

Yayana da ko layar wuya bai taɓa ɗaurawa ba. Da ba a kan babur nake ba da na mare shi. Haka muka shiga gari.

Mai unguwa ya tafi kasuwar Sara, sai aka kai ni wajen mahaifiyarsa, Inna Dije. Ba ta tambaye ni daga ina ko me ya kawo ni ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta dama fura. A wajensu sai baƙo ya kwana ake tambayarsa, ba kamar mu ba da tun bai cire takalmi ba mun san sunan kakansa. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne awakinsu. A Birnin Kudu akuya ita ce sarauniyar titi, ta ci takarda ta ci leda ta dawo gida da kanta. A can kuwa kowace akuya tana da takunkumi saƙar kaba, a rataye a turkenta. Ba a kai ta ruwa sai an ɗaura mata, domin hanyar ruwa ta cikin tsiron nan ta ratsa. Mata suna saƙa takunkumi kamar yadda namu ke saƙa faifai.

A kusurwar gidan akwai wata akuya da aka ware. Kanta yana ta kaɗawa, in ta miƙe sai ta yi tangaɗi kamar mashayi, ƙafafun baya su ƙi ɗaukarta. An zuba mata harawa ta ƙi kallo. Inna ta ce wadda ta ɗanɗana ganyen nan ba ta ƙara son wani abu, ko an ɗaure ta sai ta tsinke igiya ta koma. Mai ciki ta yi ɓari, mai nono kuma a daina shan nononta. Sai ta juyo da goyon da ke bayanta ta nuna min, wata jaririya da uwarta ta rasu wajen haihuwarta, jikar Inna ce. Ta nuna wata jar akuya da ke tuƙa a inuwa ta ce, "Kin ga waccan? Ita ce uwar yarinyar nan yanzu. Sauran masu nono duk malam-tanko ya cinye. Allah ya tsine wa malam-tanko albarka."

Furar tana bakina. Na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Wannan mata ta ba ni ruwa, ta ba ni tabarma, ta tsine wa wanda ya biya min kuɗin makaranta, kuma ban ga ta inda zan ce ta yi laifi ba. Na kwana a ɗakinta bayan tuwon dawa da miyar kuka, ban gaya mata ko ni wace ce ba.

Da safe mai unguwa ya zauna da ni a zaure tare da wasu dattawa. Bayan gaisuwa na ajiye goro da sabulu da ragowar gishiri, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ƙanwar Malam Tanko ce, malamin gona. Yana kwance ba lafiya, shi ya aiko ni."

 Wani dattijo ya ce, "Ashe yana da rai?" Mai unguwa ya ce ya tuna shi sarai, dogo mai keke, ba ya cin abincin kowa sai ya sa albarka. Ya ce, "Muna samari muka ɗebo rassan a ka muna waƙa. Da hannun nan nawa na dasa. Kuma kwazazzabon ya tsaya, Malama, mahaifina yana kwance a maƙabartar nan har yau." Aka ɗaga hannu aka yafe wa Yaya duniya da lahira, aka yi masa addu'ar samun sauƙi. Na ji rabin kayana ya sauka.

Sai na kawo maganar suna. Mai unguwa ya ce, "Wannan kuma ba ni na raɗa ba, balle in cire. Ki je wajen Baffa Jauro, daga bakinsa ya fito."

Baffa Jauro yana can bayan gari. Bafulatani ne, amma Hausa yake yi da iyalinsa, kuma ko ɗan maraƙi ban gani a gidansa ba. Na tarar da shi yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai daina tufkar ba.

Ya ce, "'Yata, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, daji ya ƙone, ba kore ko'ina sai shi. Na ga ganye, na ce Allah ya kawo sauƙi, na kora dabbobi ciki da kaina. Tumaki suka fara, shanu suka biyo baya. Saniyar da na gada a wajen babana a gabana ta durƙusa tana kaɗa kai. Na je har Gwaram ina tambaya, mene ne sunan abin nan, don in gaya wa 'yan uwana su kiyaye. Ba wanda ya sani. Na ce to wa ya kawo shi? Aka faɗa min. Ɗa ai da sunan ubansa ake kiransa."

Na ce, "Baffa, bai sani ba. Alheri ya nufa."

Ya ce, "Na sani. Ni ma alheri na nufa da na kora su ciki. Ki gaya masa na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ce to a sauya sunan. Na gaya masa na masana, ya gwada faɗa sau ɗaya ya girgiza kai. Na ce to a ce kashe-awaki. Ya ce masu kashe awaki a daji ai suna da yawa, wanne daga ciki? Sannan ya ajiye igiyar ya dube ni.

"Yau daga nan har bayan duwatsun can, in aka ambaci sunan nan kowace mace ta san ta ja igiyar akuyarta. In na sauya, kafin sabon ya kai can dabba nawa za ta faɗi? Ni dai na yi miki alkawari ba zai sake fita daga bakina ba. Bakin duniya kuwa ba ni da igiyarsa."

Na fusata. Na ce masa shanunsa sun mutu sun huta, shi kuwa yayana kullum kashe shi ake yi. Magana ce marar kyau a gaban tsoho, na san haka tun tana fita. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba. A hanyar komowa dokar nan da nake buga wa yara allo a kanta ta yi ta yawo a kaina, na ji na tsani darasin gaba ɗaya.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Inna Dije ta kasa haɗa ido da ni. Ta yanka min kaza, ita da ba ta da ta yankawa. Daga lokacin sunan ya ɓace a gidan. Kamar yadda mace ke ɓoye sunan ɗanta na fari, haka kowa ya koma cewa "abin nan" ko "na bakin rafi". In magana ta biyo ta wajen sai a yi tari a sauya zance. Na samu abin da na zo nema, a gida ɗaya, na kwana ɗaya, kuma wallahi ya fi tsinuwar ciwo.

Washegari Sale ya aiko cewa zai jira ni a tsallaken rafi. Inna ta goya jaririyar ta ce sai ta raka ni. Surukarta, matar mai unguwa, ta riga mu gangarawa da awaki, ta bar su suna jiran layin ruwa, ta shiga cikin mata masu wanki a bakin wani ramin da aka tona cikin yashi. Duk sun ba mu baya, suna hira. Muna kan gangara sai na hango jar akuyar nan ta ware. Takunkuminta ya zame yana reto a wuya. Ta ɗaga ƙafafun gaba ta ɗora a kan kara, ta miƙa baki.

Inna ma ta gani. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo! Ga ta can a wajen... a wajen abin nan!" Ta dube ni, ta kasa ƙarasawa. Matan suka waiwayo suna dube-dube, wata ta leƙa ramin ruwa, wata ta yi tsalle tana zaton maciji ne.

Ni malama ce, muryata ta saba kaiwa ƙarshen aji. Ban yi shawara da kowa ba, na buɗe baki na ce, "Akuya tana cin malam-tanko!"

Kafin in rufe baki sun watsar da wanki sun yi kanta. Surukar ta kama ƙaho, wata ta cusa yatsu cikin bakin akuyar ta zaro ganye, aka ɗauraye mata baki da ruwa. Kowa ya san bakin da maganar ta fito. Inna ta gyara goyonta, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Na tsallake rafin ina kuka, Sale ya ɗauka ciwon faɗuwar shekaranjiya ne ya tashi.

Dawowa ba abin da ya faru da ya isa a faɗa. Na iso Birnin Kudu da la'asar, ko gidana ban biya ba na wuce wajen Yaya. Na same shi an jingina shi da matashi, ya ƙara ramewa. Na gaya masa mai unguwa ya tuna kekensa, maƙabarta tana nan, dattawa sun yafe, har wanda ya rasa garkensa ya yafe. Hawaye ya gangaro ta idonsa mai lafiya.

Ya ce, "Sunan fa?"

Tun daga Gwaram nake shirya ƙaryar da zan yi masa, na ma gyara ta tsaf. Da na dubi fuskarsa sai ta ƙi fitowa. Na ba shi labarin jaririyar da jar akuya da takunkumin da ya zame. Na ce, "Yaya, ba su daina ba. Ni ma da bakina na faɗa."

Ya rufe ido ya daɗe, har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya motsa baki, na matsa kusa don in ji.

Ya ce, "Akuyar ta haɗiya?"

Na ce, "A'a, an zaro."

Ya ce, "To a bar musu."

Bai sake tayar da maganar ba. Kafin ruwan farko ya sauka muka kai shi makwancinsa.